Daga Samfefa Zuwa Hasken Leza: Tarihin Kankare Fatar Fuska

A wajen walimar Ƙaramar Sallah da ƙungiyarmu ta shirya, bayan an ci an sha ana 'yar hira, sai wata ƙanwarmu da ke shekarar ƙarshe ta digirin farko ta jawo ni gefe ta miƙo mini wayarta. Tallar wani shagon kwalliya ce a nan garin da muke, suna cewa da zama ɗaya za su share duk wani tabon ƙurajen fuska da na'urar leza mai aiki da iskar kabon dayoksaid, har ma da ragin kuɗi ga ɗalibai. Ta ce, "Yaya, tunda kai ne ka karanci irin waɗannan na'urori, me ka gani? Bikina saura wata biyar, ina so in koma gida da fuskata sumul." Na ce mata ni fa ba likita ba ne, fiziks na aikin asibiti na yi wa digiri na biyu, na fi sanin na'urar a kan fatar. Amma na yi mata alkawarin zan bincika. To abin da na tono ya fi ƙarfin amsa ta waya, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan mujalla tamu, domin na san ba ita kaɗai ce take ganin irin wannan talla ba.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya sani cewa dabarar ta girmi leza nesa ba kusa ba. Asalinta shi ne a ji wa fata ciwo da gangan, a cire samanta zuwa wani zurfi da aka ƙayyade, sannan a bar jiki ya toho da sabuwa. Sabuwar tana tsirowa ne daga ramukan gashi da jakunkunan maiƙo da ke can ƙasa, waɗanda fuska take da su birjik. In an tsaya inda ya dace, sai fata ta fito da laushi, tabo ya ragu. In aka zarce, an sayi sabon tabo ke nan da kuɗi. Duk tarihin da zan bayar, tarihin neman wannan iyaka ne.

A shekarar 1905 wani likitan fata Bajamushe mai suna Ernst Kromayer ya fara amfani da ƙananan ƙarafa masu juyawa yana kankare tabo. A 1947 wani likitan Amurka, Preston Iverson, ya ba da rahoton yin aiki da samfefa, wato dai irin wadda kafinta ke goge katako da ita, don cire dattin da ya nutse a fatar waɗanda suka ji rauni. A 1953 kuma Abner Kurtin na birnin New York ya zo da buroshin waya mai juyawa da inji, ana daskarar da fata tukuna sannan a goge. A ɗaya ɓangaren akwai masu aiki da sinadari. A farkon shekarun 1960 likitoci biyu a Miami, Thomas Baker da Howard Gordon, suka yayata wani haɗi na sinadarin fenol da ake shafawa ya cinye saman fata. Yana kawar da tamojin tsufa ƙwarai, sai dai yana iya rikita bugun zuciya yayin da ake shafa shi, kuma yakan bar fuska fari fat har abada. Don haka tun a wancan lokacin aka san cewa ba na baƙar fata ba ne.

Matsalar buroshi ita ce jini da kuma dogaro da hannun mai aiki. Matsalar sinadari kuwa, in ka zuba shi ba ka da ikon ce masa ya tsaya.

Ana cikin haka sai leza ta bayyana. Ranar 16 ga Mayu, 1960, Theodore Maiman ya kunna ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya, da sandar jan yakutu. A lokacin har zolaya ake yi cewa an samo magani amma ba a san cutar da zai warkar ba. Likitan fata Leon Goldman na Jami'ar Cincinnati na cikin waɗanda suka fara nemo mata cuta, inda ya shiga gwada ta a kan fata tun farkon shekarun 1960.

Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne Kumar Patel, wataƙila don shi ma ɗalibi ne da ya bar gida kamar mu. An haife shi a garin Baramati na ƙasar Indiya a 1938, ya yi digirin injiniya a Pune, ya wuce Jami'ar Stanford ya yi na biyu da na uku, sannan ya kama aiki a ɗakunan binciken Bell a 1961. A 1964, yana da shekara 26 kacal, ya nuna cewa iskar kabon dayoksaid, wadda ni da kai muke fitarwa duk numfashi, za ta iya ba da hasken leza. Da farko ƙarfin bai taka kara ya karya ba, amma da ya gauraya ta da iskar naitirojin sai abin ya ninka ƙwarai da gaske. Ba don kwalliya ya yi ta ba. Masana'antu ne suka fara cin moriyarta wajen yankan ƙarfe da walda, kuma har gobe suna yi.

To me ya haɗa na'urar yankan ƙarfe da fuskar mutum? Ruwa. Hasken wannan leza yana da tsawon zango na nanomita 10,600, ido ba ya ganinsa, kuma ruwa yana shanye shi nan take. Fatar ɗan Adam kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ce. Da hasken ya sauka, ba ya wuce zurfin maikromita 20 zuwa 30, wato bai kai kaurin silin gashi ba, sai ruwan da ke cikin ƙwayoyin fatar ya tafasa su tashi kamar tururi. Zafin kuma yana toshe ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa likitocin tiyata suka so ta. A farkon shekarun 1970 Geza Jako a Boston yana aikin maƙogwaro da ita, a Isra'ila kuma likita Isaac Kaplan da injiniya Uzi Sharon suka ƙera wadda suka haɗa sunayensu suka kira Sharplan.

Sai dai wuƙa daban, abin goge fuska daban. Na'urorin farko hasken nasu a kunne yake ba yankewa, don haka zafi yakan tsiyaya zuwa naman da ke kewaye ya babbaka shi, kamar tsiren da aka manta a bakin wuta. Waɗanda suka gwada ta a faɗin fuska sun sha haɗuwa da tabon ƙuna. Mafita ta zo ne a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na Harvard suka buga wata maƙala a mujallar Science. Abin da suka bayyana, duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta ɗauko garwashi da yatsu ta jefa a kasko zai gane shi: in taɓawar ta yi gajarta sosai, zafi ba ya samun lokacin shiga ciki. A lissafin wannan leza, dole kowane bugu ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai a farkon shekarun 1990 aka samu na'urorin da suka iya haka, irin su UltraPulse na kamfanin Coherent, da kuma SilkTouch na Sharplan mai zagaya hasken da sauri don kada ya daɗe a wuri ɗaya.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1996 Richard Fitzpatrick da Mitchel Goldman na San Diego tare da abokan aikinsu suka buga sakamakon aikinsu a kan fuskokin da rana ta tsofar, kuma a gaskiya sakamakon ya burge, domin ban da cire saman fata, zafin yana ɗaure zaren kolajin da ke ƙasa ya sa jiki ya saƙa sabo. A wannan shekarar ce ma Shugaba Clinton ya ba Patel lambar yabo ta kimiyya ta ƙasar Amurka. Likitoci suka yi rububin sayen na'ura, mujallun mata suka cika da labarinta.

Hausawa dai sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ba a jima ba aibin ya fara fitowa. Mutum yakan yi mako ɗaya zuwa biyu fuskarsa ɗanya tana tsattsafo da ruwa, sannan ta yi watanni tana ja. Ƙwayar cutar da ke sa ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi takan farka ta bazu a fuska, har ya zama ƙa'ida a ba da maganinta kafin a fara. Waɗanda aka yi wa a wuya, inda jakunkunan maiƙo ba su da yawa, wasu suka tashi da tabo mai kauri. Mafi ban takaici kuma shi ne wanda ba ya bayyana sai bayan wata shida zuwa shekara: fatar da aka yi wa aiki ta koɗe, a ga layi a haɓa tsakanin fuska da wuya, kuma sau da yawa ba ya komawa. Kafin a shiga shekarun 2000 da nisa, kasuwar ta ja da baya sosai. An gwada wata leza mai suna erbium wadda ba ta kai ta zafi ba, amma ba ta kai ta ɗaure fata ba.

Abin da ya farfaɗo da ita shi ne dabarar da Dieter Manstein da Rox Anderson ɗin nan suka fito da ita a 2004. Maimakon a share fili gaba ɗaya, sai a huda dubban ƙananan ramuka a jere, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu, kamar manomin da ya yi shuka rami-rami. Lafiyayyar ce ke rufe ramukan cikin 'yan kwanaki. Wajen 2007 aka ɗora wannan dabara a kan lezar kabon dayoksaid, kuma ita ce yawancin shaguna ke tallatawa. A ganina mafi alherin abin da ya fito daga wannan tarihi ba ma kwalliya ba ne. Likitocin sojan Amurka da masu kula da ƙuna sun gano cewa tana sassauta tabon da ya ɗaure gaɓa, har wanda ya kasa miƙe hannu ya samu sauƙi.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu. Masu talla sukan ce wannan leza ruwa take nema, babu ruwanta da launin fata. Ta fuskar fiziks gaskiya suka faɗa, amma rabin gaskiya ce. Na'urar ba ta ganin launi, fatar kuwa da launi take mayar da martani. Duk wanda ya taɓa matse ƙurji ya ga baƙin tabo ya zauna wata da watanni ya san yadda fatarmu take: da ta ji ciwo ko zafi, sai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin melanin su yi ta zuba shi. Bayan aikin leza wannan duhu yakan fito ne a mako na uku ko na huɗu, lokacin da mutum ya ɗauka ya warke, kuma ya fi addabar masu duhun fata nesa ba kusa ba. Dabarar ramuka ta rage shi, ba ta kawar da shi ba. Ga kuma waɗanda jikinsu ke yin tabo mai tasowa ya yi tudu, irin wanda mukan gani a kunne bayan huji, wanda shi ma ya fi yawa a cikinmu.

Ko ma'aunin da likitoci ke rarraba fata da shi yana da nasa labarin. Thomas Fitzpatrick na Harvard (ba Richard na San Diego ba) ya tsara shi a 1975 don auna yawan hasken da za a ba masu wata cutar fata, kuma rukuni huɗu ya yi, dukkansu na fararen fata. Daga baya ne aka ƙara na biyar da na shida. Wato daga Bahaushe wankan tarwaɗa har zuwa baƙi wuluk na Kudancin Sudan, duk a ɗan lungu guda aka cusa mu. Sai a 1999 likita Susan Taylor ta kafa cibiyar farko ta nazarin fatar da ba fara ba a New York. A nan Ingila ma, a 2020 ne wani ɗalibin likitanci haifaffen Zimbabuwe, Malone Mukwende, ya jagoranci fitar da wani ɗan littafi mai suna Mind the Gap, don kawai a nuna wa ɗalibai yadda cututtuka ke bayyana a baƙar fata.

Wani abokina mai bille ya tambaye ni ko za ta goge masa aikin wanzami. Askar wanzami takan shiga can cikin fata, ƙasa da inda ake iya kankarewa lafiya, don haka abin da leza za ta iya shi ne ta lallausa gefen zanen ta rage kaifinsa. Ni dai na ce masa billen nan ya yi masa kyau, amma fuskarsa ce.

Akwai kuma maganar wa ke riƙe da na'urar. Da yawanmu mun ɗauka duk abin da aka buɗe a kan titi a Turai an tantance shi. A watan Oktoban 2010 aka cire masu aikin leza na kwalliya wanda ba tiyata ba daga cikin waɗanda dole hukumar CQC ta yi wa rajista a Ingila. A 2013 kwamitin Sir Bruce Keogh ya ba da rahoton cewa harkar kwalliyar da ba tiyata ba kusan sakaka take, kuma sai a 2022 majalisa ta ba ministan lafiya ikon kafa tsarin lasisi.

Da na kai wa ƙanwar tamu wannan bayani, sai muka je shagon tare wata Asabar. Ta tambayi wanda zai yi aikin ko likita ne, aka ce ƙwararriya ce mai takardar horo. Ta nemi a nuna mata hotunan waɗanda aka yi wa masu irin fatarta, aka buɗe kundi muka duba daga farko har ƙarshe, babu baƙar fuska ko ɗaya. Ta tambaya ko za a fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan, aka ce ragin kuɗin na zama ɗaya ne kuma zai ƙare ƙarshen wata.

Daga baya ta tara kuɗi ta ga likitan fata. Ya ce yawancin abin da take kira tabo ba rami ba ne, duhu ne da ƙuraje suka bari, wanda leza za ta iya ƙara wa muni, kuma ba zai taɓa ta da na'ura ba alhali ƙurajen na fitowa. Ya rubuta mata man shafawa da na kariya daga rana, ya ce ramukan da ke kumatunta kuwa a bar maganarsu sai bayan biki, a gwada ɗan wuri kusa da kunne a jira mako shida a ga abin da fatar za ta ce. Ta kira ni tana dariya, ta ce, "Yaya, ashe dai lalle da kurkum ɗin Gwaggo ne za su kai ni." Jirginta na tashi ranar 9 ga wata.