Raɗar Bos da Rawa kan Kwalabe

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan kallo a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, zamanin kaset ɗin bidiyo, ya san wurin da ɗaki ke yin tsit. Bos ya tura ƙofa, yarinya ta ja da baya, sai hoto ya yi duhu. Ba a nuna komai ba, amma har yaran da ke leƙe ta taga sun gane.

Wannan duhun yana da tarihi. A 1930 masu shirya fim a Amurka suka rubuta wa kansu ƙa'idoji da aka fi sani da dokar Hays, wadda ta ce fyaɗe sai dai a yi ishara da shi. Da farko ba a bi ta sosai ba. A 1933 fim ɗin The Story of Temple Drake ya fito: ɗan ta'adda mai suna Trigger ya ritsa wata budurwa a rumbun masara, hoto ya ɗauke, aka bar mai kallo da ihunta. Surutun da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka tsaurara dokar a 1934, fim ɗin kuma ya ɓace daga silima shekaru da dama.

Daga nan sai daraktoci suka koma dabara. A Key Largo na 1948, Edward G. Robinson ya sunkuya ya yi wa Lauren Bacall raɗa a kunne. Ba mu ji abin da ya ce ba; mun dai ga ta tofa masa yawu a fuska. A ganina raɗar nan ta fi ihun Temple tayar da hankali, domin mai kallo ne da kansa ke cike gurbin.

Mu a nan ta Indiya muka fi sanin salon. A Sholay na 1975, Gabbar Singh ya ɗaure Veeru, ya tilasta wa Basanti rawa a gaban yaransa, har suka farfasa kwalabe a ƙarƙashin ƙafafunta. Waƙar ce ta zauna mana a kai, muka yi ta rerawa a hanyar gida. Ban taɓa jin wani a kan bencin nan ya tambayi me ake nufi da macen da aka tara mata maza suna kallo ba. Mu dai jira muke Jai ya iso da bindiga.