IKEA da Gidauniyar da Ta Mallake Shi

A 1943 Ingvar Kamprad, yana ɗan shekara 17, ya kafa IKEA a yankin Småland na kudancin Suwidin. Ya fara da alƙaluma da ƙananan kaya ta gidan waya, sannan ya koma kujeru da tebura, waɗanda daga baya aka riƙa sayar da su a shimfiɗe cikin kwali, mai saye ya kai gida ya haɗa da kansa. Kantin farko ya buɗe a Älmhult a 1958. Da arziki ya bunƙasa, harajin gādo na Suwidin ya tsaya masa a rai, ya bar ƙasar a 1973, daga baya ya zauna a Suwizalan. A 1982 ya miƙa mallakar yawancin kantunan ga gidauniyar Stichting INGKA a Holan, inda ba mai iya raba kamfanin gādo ko saye shi. Sunan IKEA da tsarinsa kuwa suna hannun wani kamfani, Inter IKEA, wanda ke karɓar kashi 3 cikin ɗari na cinikin kowane kanti, kuma sai a 2011 gidan talbijin na Suwidin ya bankaɗo cewa wata gidauniyar ce a Liechtenstein, Interogo, ke riƙe da shi a lokacin. A ganina wannan shiri an yi shi ne don tsare dukiya, taimakon jama'a ya biyo baya.

Masu kare kamfanin suna cewa ba a karya doka ba, kuma gidauniyar IKEA, wadda Stichting INGKA ke ba kuɗi, na taimaka wa 'yan gudun hijira ta hannun hukumar UNHCR. Taimakon nan gaskiya ne, ba kuma ƙarami ba. Amma a duba lokacin da ya fara. A 2006 mujallar The Economist ta ƙiyasta dukiyar Stichting INGKA kan dala biliyan 36, fiye da ta gidauniyar Gates a lokacin, alhali manufarta a rubuce ita ce bunƙasa fasahar gine-gine da ƙawata ɗaki, kyautarta kuma 'yar kaɗan ce. Sai a 2009 aka faɗaɗa manufar. Batun doka ma bai mutu ba: a 2016 'yan jam'iyyar Greens a Majalisar Turai suka ƙiyasta harajin da aka kauce wa tsakanin 2009 da 2014 ya kai yuro biliyan 1, a Disamban 2017 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe bincike kan rangwamen harajin da ake zargin Holan ta yi wa Inter IKEA. Kuɗin da ya zille wa baitulmalin ƙasashen da aka yi cinikin, na asibitoci da makarantunsu ne, kuma talakawan can ba su da ta cewa kan inda gidauniya za ta kai shi.