Tausa da ƙafa: waɗanda bai kamata a taka ba

Tausa da ƙafa ita ce mutum ya yi ruf da ciki a taka masa baya da cinyoyi don rage gajiya. A Giyawa da ƙauyukan Goronyo, Wurno da Rabah, inda ake yini a sunkuye a gonakin albasa da shinkafa na fadama, yaro mara nauyi akan sa ya hau, yana dafe da bango.

Ba a taka mai juna biyu, ko mai karaya, targaɗe ko sabon ɗinki. Ƙashin tsofaffi, musamman mata, yakan yi rauni har haƙarƙari ya tsage. Mafi haɗari shi ne ƙwauri ɗaya da ya kumbura yana zafi: mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, matsa shi kuwa na iya tura gudan zuwa huhu. Kumburarriyar saifa, wadda zazzabin cizon sauro ke haddasawa, tana iya fashewa idan an taka.

Masu sikila, hawan jini, ciwon suga da masu shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita. Ciwon baya mai haɗe da rama, zufar dare ko mutuwar ƙafa na buƙatar hoto a asibiti.