Tuwon Shinkafa da Sugan Mai Juna Biyu a Ƙasar Kabi

A littattafanmu, da jaruma ta samu ciki sai mu jera mata kuloli da lemon kwalba, wai alamar gata. Wannan makon bari mu leƙa tarihin kwanon nan, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a fadamun gulbin Rima. Kabawa sun daɗe suna noman ja, irin ta Afirka, ana surfa ta a turmi, dusa ba ta fita duka. Ga gero da dawa, ga kifi, wanda ya sa duniya ta san Argungu tun bikin 1934 da aka yi wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu. Arziki ya shigo, ba ma musu. Farar shinkafa ta zama abincin kullum a gidaje da yawa.

Shi kuwa ciwon sugan da ciki ke kawowa, likitoci sun jima da saninsa. A 1824 wani likita a Berlin ta Jamus, Bennewitz, ya rubuta labarin wata mai ciki da ƙishirwa ta addaba, ta haifi jaririn da ya haura kilo 5, bai zo da rai ba. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, suga ya taru a jinin uwa, ya tsallaka wurin ɗan, ya yi ta girma har naƙuda ta gagara. Sai a 1964 O'Sullivan da Mahan suka kafa ma'aunin gano shi a Amurka. Yau ana gwajin ne tsakanin mako 24 da 28, mace ta sha suga giram 75 a auna jininta.

Kada mu yi saurin cewa na da ne mai kyau, na inji mugu. Turarriyar shinkafa, ko ta kamfani ce, ba ta ɗaga suga da sauri kamar tuwon ɗanyar shinkafa da aka tuƙa ya yi laushi. Kunu da fura ma, in an zuba suga, ba su da sauƙi. Abin da ake gaya wa mata wajen awo shi ne a rage malmala, a raba abinci kaɗan-kaɗan, a yawaita wake, zogale, rama da kifi, a ɗan taka bayan an ci. Ba a ce ta zauna da yunwa ba. In abinci bai wadatar ba, likita ya ƙara magani.

Wahalar tana cikin gida: tukunya ɗaya ake ɗorawa, uwar miji kuma na ganin ƙaramar malmala rowa ce aka yi wa jikanta. Galibi sugan kan sauka bayan haihuwa, amma ana so a sake gwaji wajen arba'in, domin yana iya dawowa bayan shekaru ya zauna.