Wadda Aka Bari a Gida

'Yan'uwana mata, tafiyar maza neman kuɗi ba yau aka fara ba. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayo goro, su yi wata da watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma, sai hanyar Ikko ta buɗe. Kowa labarin matafiya yake bayarwa. To, wadda aka bari a ƙauye fa?

Kakata ta ba ni nata. Mijinta ya tafi cin rani Kumasi bayan girbi, ya bar mata 'ya'ya huɗu da ɗan gero a rumbu, wai kafin shuka zai dawo. Damina uku shiru. Ita ce surfe, ita ce ƙuli-ƙuli, ita ce jinyar uwar miji. Ga ta nan dai, ba bazawara ba, ba mai miji ba. An ce mata tunda babu ci babu sha, tana iya zuwa gaban alƙali a raba auren. Kunyar 'ya'yanta ta hana ta.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Sai ga malam a bayan babbar mota, daga shi sai tabarma da buta. Awakin da ta tara da kuɗin adashi, wallahi su aka sayar aka yi noman 1970. Har ta rasu, in ta ji ana yabonsa wai ya riƙe gida, sai ta yi murmushi ta ci gaba da kaɗinta.