Yadda Hasken Ultrabayolet na Kweza Yake Sauyawa

Kweza wata cibiya ce mai tsananin haske a tsakiyar gungun taurari masu nisa. Ƙarfinta yana fitowa ne daga wani ƙaton baƙin rami da ke haɗiye iskar gas. Kafin gas ɗin ya afka ciki, yakan kewaye ramin kamar faifai, ya yi zafi matuƙa. Sashen faifan da ke kusa da ramin shi ya fi zafi, kuma daga nan mafi yawan hasken ultrabayolet ke fitowa, wato hasken da idon ɗan Adam ba ya gani.

A shekarar 1963 masanin falaki Maarten Schmidt ya gano nisan kweza mai suna 3C 273. A wannan shekarar Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka bincika tsoffin hotunan sararin samaniya na Jami'ar Harvard, suka tabbatar cewa haskenta yana hawa yana sauka.

Masana sun lura cewa sauyin ba shi da tsayayyen lokaci, yakan ɗauki watanni ko shekaru. Ya fi ƙarfi a hasken ultrabayolet fiye da hasken da ido ke gani, shi ya sa kweza kan ƙara shuɗi idan ta ƙara haske. Galibi kuma, waɗanda suka fi haske sun fi ƙarancin sauyi.

Da yake iskar ozon tana tare yawancin wannan haske, sai da na'urorin hangen nesa na sararin samaniya ake auna shi, irin su IUE da aka harba a 1978, da Hubble a 1990, da GALEX a 2003. Amma kweza masu nisa sosai, faɗaɗar sararin samaniya kan miƙe haskensu har a iya auna shi daga doron ƙasa.

Wannan sauyi ma'auni ne. Abin da haskensa ya sauya cikin wata guda, faɗinsa ba zai wuce tafiyar haske ta kimanin wata guda ba. Haka kuma, idan faifan ya haskaka, gajimaren gas da ke nesa da shi yakan amsa bayan jinkiri. Da wannan jinkiri da gudun gas ɗin masana ke ƙiyasta nauyin baƙin ramin da ba a iya ganinsa.