Gurbin zaman bincike: Inda matashin malamin jami'a zai samu ɗaki da lokacin rubuta littafinsa

Duk wanda ke da ɗa ko ƙani da ya gama digiri na uku ya san yadda abin yake. An yi walima, an ɗauki hotuna, dangi daga Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal sun yi ta bugo waya suna cewa "Dakta, Allah ya sanya alheri." Bayan shekara biyar ka tambayi ina kundin nan da ya sha wahalar rubutawa, sai a nuna maka shi a saman kabad, ƙura ta lulluɓe shi. Ba lalaci ba ne. Malamin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari uku, ga makin jarrabawa, ga duba kundayen 'yan ajin ƙarshe, ga zaman kwamiti, ga cefanen gida da kuɗin makarantar yara, yaushe zai zauna ya mai da kundi littafi?

Domin irin wannan mutumin aka ƙirƙiro abin da 'yan boko ke kira feloshif na zama, mu kuma za mu kira shi gurbin zaman bincike.

Mene ne shi?

Wata cibiya ce ke gayyatar mai bincike ya bar garinsu da wurin aikinsa, ya je ya zauna a wurinta na wata biyu, ko uku, ko ma goma. Za a ba shi masauki, da ofis, da damar shiga ɗakin karatu, da kuɗin jirgi, da alawus na wata-wata. Ba zai koyar ba, ba kuma zai fito da wani sabon digiri ba. Abin da ake so daga gare shi shi ne ya rubuta abin da ya ce zai rubuta, ya gabatar da shi gaban sauran baƙin cibiyar su yi masa gyara, ya kuma zauna cin abinci da su. Wannan cin abincin ba wasa ba ne, a wasu cibiyoyin sharaɗi ne, domin a bakin akushi ake haɗa masanin tarihi da masanin harshe su ƙaru da juna.

Mu da ke zaune a kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tsarin maigida ne da muka gada a Sabo da zango: baƙo ya sauka da goro ko shanu, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da mutane, ya tsaya masa. Bambancin kawai, hajar wannan baƙon takarda ce.

Ana yawan kafa misali da cibiyar zurfafa bincike ta Princeton a Amurka, wadda aka kafa a 1930, inda Albert Einstein ya zauna tun daga 1933. Jamus ta buɗe irinta a Berlin a 1981. Da farko manyan shehunnan malamai ne suka fi cin moriyar irin waɗannan wurare, daga baya aka gane cewa wanda ya fi buƙata shi ne ƙaramin malami da bai daɗe da gama digiri na uku ba. Kuma 'yan fannin tarihi, harshe, adabi, addini da falsafa sun fi kowa dacewa da tsarin, tunda ba injina suke nema ba. A ba su shiru, da littattafai, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Me ya kawo Minna cikin maganar?

Minna gari ne da ya nuna matsalar ƙarara. Nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, nan aka haifi Ben Okri a 1959. Nan marigayi Abubakar Gimba ya yi zamansa, wanda ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, nan kuma B.M. Dzukogi ya daɗe yana renon yara marubuta a cibiyarsa ta Hill-Top. Wato dai garin bai rasa masu alƙalami ba. Amma babbar jami'ar garin, wadda aka kafa a 1983 mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, ta fasaha ce. Mai karatun tarihi ko adabi yakan nufi Jami'ar IBB da ke Lapai, wadda ta zo a 2005, ko makarantar horar da malamai ta jiha, inda nauyin koyarwa ke cinye lokacin mutum.

Alhali abin bincike a jibge yake a Jihar Neja. Ga Zungeru, hedikwatar Turawa a Arewa kafin a koma Kaduna, inda aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Ga tashar jirgin ruwa ta Baro da layin dogon da ya tashi daga can ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911. Ga Bida da Kontagora da Suleja da Borgu. Littafin da har yau ake komawa gare shi a kan Nufawa, A Black Byzantium, wani matashi haifaffen Ostiriya mai suna S.F. Nadel ne ya fitar da shi a 1942, bayan ya samu tallafin da ya ba shi damar zama a ƙasar Nufe a shekarun 1930. Ba wai ya fi Banufe sanin Bida ba ne. An ɗauke masa nauyin komai ne, aka ce je ka zauna ka rubuta.

Mu ma haka ta faru da mu. An kafa Sabon Ibadan a 1916, amma littafin da duniya ta san unguwar da shi Abner Cohen ne ya wallafa shi a 1969, bayan ya zauna cikin mutanenmu a farkon shekarun 1960. Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucin goro a 1980, Enid Schildkrout ta rubuta na zangon Kumasi a 1978. A shekarar ce kuma namu, marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ya fitar da littafinsa kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Tun daga lokacin an haifi jikoki da tattaɓa-kunne a Shagamu, Mile 12, Ama Awusa ta Owerri da Anaca, masu jin Yarbanci ko Ibo kamar Hausa. Su suka fi kowa cancantar rubuta abin da ya biyo baya, kuma cikinsu akwai masu digiri na uku. Lokaci ne ba su da shi.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Shirin da ya fi taɓa 'yan Najeriya a wannan fanni shi ne AHP, wanda majalisar ƙungiyoyin masana ta Amurka, ACLS, ta fara a 2008 da kuɗin gidauniyar Carnegie. Ƙasashe biyar ya shafa: Najeriya, Ghana, Uganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Yakan ba ƙaramin malami kuɗin da zai ajiye koyarwa na shekara guda, ya kuma tura shi zaman 'yan watanni a wata cibiya da ke wajen ƙasarsa, sannan a tara su bita ta musamman kan yadda ake mai da kundi littafi. Shirin ya kammala zangonsa, don haka kada wani ya yaudare ka da fom ɗinsa. Amma malaman da suka ci gajiyarsa suna nan a jami'o'inmu, kuma babu wanda ya fi su iya duba maka takardar nema.

Wanda ke da ƙarfi yanzu shi ne na cibiyar STIAS da ke Stellenbosch a Afirka ta Kudu, mai suna Iso Lomso, wato "idon gobe" a harshen Xhosa. An ware shi ne domin matasan masana 'yan Afirka da ke aiki a wata jami'a ko cibiyar bincike ta nahiyar. Shekara uku ake ƙulla alaƙa da mutum, a cikinsu zai yi zaman da jimillarsa ke iya kaiwa wata goma, a rarrabe. Abin da ya burge ni da tsarin shi ne sun yi tunanin abubuwa biyu da ke hana mutanenmu tafiya: suna taimaka wa jami'arka da kuɗin wanda zai riƙe maka aji, suna kuma tallafa wa mai zuwa da ƙananan yara. Gasar dai da zafi, domin dukkan fannoni ne da dukkan ƙasashen Afirka ke nema.

Kusa da gida akwai MIASA a Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka buɗe a 2018 da kuɗin gwamnatin Jamus, tana karɓar manya da ƙananan masana na wasu watanni. Bahaushe ba ya baƙunta a Accra, in ya gaji da karatu ya shiga Nima ko Sabon Zango ya ci tuwo. A Dakar akwai cibiyar WARC, wadda ta saba saukar da masu bincike, ana kuma ba da ƙaramin tallafin tafiya ga 'yan Afirka ta Yamma da ke son yin bincike a wata ƙasar yankin. Sai gurbin gidauniyar Leventis a makarantar SOAS ta Landan, wanda aka tsara domin malaman Najeriya su je su yi wata uku. Ga mai nazarin Hausa wannan babbar dama ce, saboda makarantar ta daɗe da tara littattafai da rubuce-rubucen Hausa. A riƙa leƙa shafukan waɗannan cibiyoyi da kai, domin sharuɗɗan shekaru da ranar rufewa kan canza, wata shekarar ma ba a buɗewa.

A cikin gida fa? Asusun TETFund na tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati da kuɗin bincike, da ƙaro karatu, da halartar taro, amma ta hannun makarantarka ake bi, kuma kuɗi yake bayarwa, ba ya cire ka daga aji. Mai son kaɗaici na gaske a kudu ya san da gidan marubuta na Ebedi a Iseyin ta Jihar Oyo, wanda Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010. Makonni ake yi, kyauta, sai dai an fi nufin marubuta adabi, kuma akan so baƙo ya ɗan koyar da yaran sakandaren garin. Akwai kuma cibiyar bincike ta Faransa, IFRA, a cikin Jami'ar Ibadan, mai ɗakin karatu da ƙananan tallafi, ga ma'adanar tarihi ta ƙasa a harabar. Wanda ke da ɗan'uwa a Sabo ko Ojoo ya riga ya samu rabin gurbi. Haka wanda aikinsa ya shafi Arewa zai nemi masauki a Kaduna, ya raba kwanakinsa tsakanin ma'adanar tarihi da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970.

Inda ake faɗuwa

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: bayanin aikin da za ka yi, tarihin karatu da aiki, samfurin rubutunka, wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, da takardar amincewar wurin aikinka.

Bayanin aikin nan shi ne ƙashin bayan komai, kuma a nan mutanenmu suka fi zubewa. Da yawa sai su kwafo babin farko na kundinsu su tura, da dogon salsala da ma'anar kalmomi. Masu tantancewa ba ɗalibanka ba ne, wataƙila ma ba 'yan fanninka ba ne, ga takardu ɗaruruwa a gabansu. Suna so su gani tun a sakin layi na farko: wace tambaya kake son amsawa, me ya sa ba a amsa ta ba tuntuni, kuma me za ka gama a watannin da za su ba ka. Wanda ya ce zai rubuta "tarihin Hausawa a kudancin Najeriya" a wata uku ya faɗi tun kafin a karanta shafi na biyu. Wanda ya ce ya riga ya yi hira da dattawan kara a Shagamu, yana da takardun kotu daga Ibadan, yana son gama babi biyu kan yadda sarautar Sarkin Hausawa ta sauya bayan yaƙin basasa, to shi za a saurara. A lura, gurbin zama na rubutu ne. Ka gama tattara kayanka kafin ka nema.

Sai wasiƙar shaida. Al'adarmu ce mu nemi mai babban suna, ko da bai taɓa karanta layi ɗaya na aikinmu ba. Wasiƙar da ta ce "yaron kirki ne mai ladabi" ba ta da amfani a nan. Gara ƙaramin farfesan da ya san aikinka ciki da bai, kuma ka ba shi aƙalla wata guda, kana tuna masa cikin girmamawa, domin wasiƙa ɗaya in ta makara duk takardunka sun tashi a banza.

Takardar izini daga jami'a ita ma takan ci lokaci, daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya zuwa sama. A fara bin ta da wuri, a kuma tambaya a rubuce ko albashi zai ci gaba, da ko akwai sharaɗin dawowa a yi aiki na wasu shekaru. Ga mata, sai an haɗa da shawarar gida, kuma ya kamata maigida da iyaye su fahimci cewa wata ukun nan na iya zama abin da zai kai ta ga ƙarin girma a wurin aiki.

Batun tafiya: Ghana da Senegal ba sa buƙatar biza ga mai fasfon ECOWAS in zaman bai wuce kwana 90 ba, amma a tanadi katin rigakafin shawara. Afirka ta Kudu da Ingila sai da biza, kuma a nema da zarar wasiƙar gayyata ta iso. Waɗannan cibiyoyi ba sa karɓar kuɗin fom, ba su da dillali. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka biya dubu hamsin a saka sunanka, ɗan damfara ne.

Wanda aka ƙi ɗauka a karon farko ya ajiye takardarsa, ya kai wa wani da ya taɓa samu ya duba masa, ya gyara. Ranakun rufewa sun sha bamban daga cibiya zuwa cibiya, don haka bayanin aiki guda, in an ɗan sauya shi ya dace da kowace, yana iya zuwa wuri uku a shekara ɗaya.